Allurar Sati Goma Sha Uku

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ya aiki da gajiyar asibiti? Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Kafinta yana gaishe ki, 'yarki kuma ta ce in gaya miki ta zo ta uku a aji, wai ki san abin da za ki yi a kai. Saƙonki ya iso ta hannun direban nan mai surutu, kwalbar allura da sabon katin ranakunta da takalman yarinya. Allah ya saka da alheri. Takalman sun yi mata yawa, na cusa ƙyalle a gaba.

To ni ce dai ban cika lafiya ba, amma kada ki tashi hankalinki. Tsintsiyar hannuna ta hagu ta karye. In na gaya miki yadda aka yi sai kin yi dariya. Ranar Laraba ina shago ina yanka wuyan riga, almakashi ya suɓuce mini. Na sunkuya daga kan 'yar guntuwar kujerar nan, sai ta goce, na dafa ƙasa da tafin hannu. Shi ke nan fa. Ko gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba na ji ƙas. Yanzu ga ni da farin ɗauri mai tauri har gwiwar hannu, ɗinkin mutane jibge a kan tebur, keke ya yi ƙura.

Likitar ƙashin wata 'yar siririya ce mai tabarau. Ta daɗe tana kallon hoton, ta ce mace mai shekara talatin da bakwai bai kamata ta karye a kan wannan ɗan abu ba. Ta tambaye ni ko ina shan wani magani. Na ce babu, sai allurar ƙarin jini da yayata take aiko mini duk wata uku tun da na haihu, shekara tara ke nan, mai kemis na bakin layinmu yake yi mini. Ta tambayi al'adata. Na ce rabona da ita tun yarinya tana rarrafe, kuma yayata ma'aikaciyar jinya ce, ta ce jinin da na zubar wajen haihuwa ne bai gama dawowa ba. Sai ta ajiye biro ta ce in kawo mata sunan allurar.

Shi ne na duba na ga ashe ni ma ban san sunanta ba. Kwalabenki kullum tsirara suke zuwa, ba takarda a jiki, kin ce zafin mota ne ke ɓamɓare ta. Ki rubuto mini sunan da manyan baƙaƙe in kai mata. Na kira wayarki sau uku ba ta shiga, na san halin wurin naku.

Har yanzu dai shiru, Yaya, zancen yi wa yarinya ƙani. Jiya ma yarinya ta sake tambayata. Na ce ta roƙi Allah.

Autarku

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki, hankalina ya tashi ƙwarai. Sannu, Allah ya sawwaƙe. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki da ya yi mana yawa, mu uku ne a ɗakin da ya kamata mu zama shida.

Ki riƙa ɗaga hannun a kan matashi, ki riƙa motsa yatsun. Ki sha madara, ki ɗan zauna a rana da safe, kin cika kulle kanki a shagon nan tun safe har yamma. Kada ki kuskura ki taɓa keke sai an kwance.

Zancen allura kuma, wannan da na aiko kada a yi miki ita. Ki ajiye ta a ƙasan akwati. Kada ki kai wa likitar nan kwalbar, kada ki kai mata katin, yaran likitocin nan komai suka gani sai su firgita mutum. Sunan yana da tsawo, ba zai yi miki amfani a takarda ba. Na nemi hutu, in an ba ni zan zo mu zauna ni da ke in yi miki bayani baki da baki. Ki yi mini wannan, Auta. Tun kina goye ban taɓa roƙonki komai ba.

Ki gaida Kafinta. Ki ce wa ta ukun aji akwai jaka tana zuwa.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya mini in gaida na gaba da ni. Kowa lafiya. Hannu yana ƙaiƙayi a cikin ɗauri.

Takardarki ta yi sati biyu a hanya, motar direban ta lalace. Kafin ta iso na riga na kai wa likita kwalbar da katunanki duka, tsofaffi da sabo, tunda ban taɓa yar da ko ɗaya ba. Kin san katunanki, kin ja layi da rula, kin rubuta ranaku da jan biro, yadda kuke yi wa marasa lafiya a wajen aiki. Ita ko kwalbar ba ta fara dubawa ba. Ranakun ta bi da yatsa tana ƙirgawa. Ta ce daga wannan zuwa wannan sati goma sha uku, daga wannan zuwa wannan sati goma sha uku, shekara tara ba kuskuren ko kwana ɗaya. Ta ce ita ba ta san allurar ƙarin jini da ake yi a haka ba. Sannan ta ɗaga kwalbar ta girgiza, farin ruwan nan ya gauraya, ta dube ni ta ce, “Baiwar Allah, da saninki ake yi miki allurar hana ɗaukar ciki?”

Na yi mata dariya, Yaya. Na ce ba ta san yayata ba.

Daga can na wuce wajen mai kemis. Yana ƙirga ƙwayoyi a cikin ɗan faranti, ko kai bai ɗago ba ya ce, “Ai na ɗauka kin sani. Farar allura ta wata uku, wa bai san ta ba?” Wato duk matar da ta taɓa zama a kan bencinsa ta ga ana tsira mini ta san abin da nake yi, ni kaɗai ce ban sani ba. Kuma a gaban waɗannan matan nake kukan rashin haihuwa.

An yi mini awon ƙashi. Likita ta ce ƙasusuwana sun rage ƙwari, kamar na wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta ce allurar ba guba ba ce, mata da yawa suna yin ta da saninsu suna zaune lafiya. Amma in an daɗe a kai tana iya rage ƙwarin ƙashi, shi ya sa ake zama da mace lokaci zuwa lokaci a duba ko ta ci gaba ko a sauya mata wata hanya. Ta tambaya ko a gidanmu akwai mai ciwon ƙashi, na tuna yadda Mama ta ranƙwafa kafin ta rasu. Ta ce irina ce ma ya kamata a fi sa wa ido. Ke ma kin san wannan, ko ba ki sani ba?

Kin tuna duk lokacin da na ce zan je asibiti a duba ni a kan haihuwa, sai ki ce kada in bari su yi ta tona ni, ke ce likitata? Na bi maganarki. Na koma shan saiwoyi masu ɗaci, na sha har na yi amai a bayan shago. Na yi ƙiba kika ce hutu ne. Na yi azumi, na yi sadaka, na zargi jikina, na zargi mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Kin ci amanata, Yaya. Ban san wata kalma da ta fi wannan sauƙi ba. Na ga kiranki sau goma sha ɗaya, ban ɗauka ba, don na san in na ji muryarki zan yarda da duk abin da kika ce. Ki rubuto. Me ya sa, kuma wa da wa ya sani?

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki da jiki, ina gaida mutanen gidan. Ni dai ga ni nan. Na karanta takardarki a tsaye a ɗakin canza kaya, na kasa komawa bakin aiki sai da aka zo nemana.

Gaskiya likitar ta faɗa. Ni nake ɓamɓare takardar kwalbar da ruwan ɗumi kafin in aiko. Ba zafin mota ba ne.

Ke ba ki san yadda kika kwanta ba bayan haihuwar nan, don ba ki cikin hayyacinki. Ba jini kawai kika zubar ba. Zuciyarki ce ta yi rauni, ƙafafunki suka kumbura, numfashi ya gagare ki sai an jingina ki. Babban likita ya ce in kika sake ɗaukar ciki kafin zuciyar ta warware, ba ya jin za ki tashi. Ke kuwa kina farfaɗowa kika fara cewa 'ya'ya shida kike so, har kina raɗa musu suna. Na san taurin kanki, ni na raine ki. Na ga in aka gaya miki za ki ce rai na Allah ne, ki rufe zancen.

Ba ni kaɗai na yanke ba. Mu biyu muka tsaya a gaban likitan ranar, mu biyu muka fito muka yi shawara a kan baranda. Ba zan kira suna ba, na yi alkawari. Abin da zan ce miki kawai, don tsoron rasa ki aka yi, ba don ƙi ba.

Ki bi duk abin da likitar ta ce. Ƙashi yana iya farfaɗowa in an daina, ko da ba duka ba. An hana ni hutu sai wata mai zuwa.

Yayarki

*

Yaya,

Muna lafiya. An kwance hannu, ya rame, yatsun ba sa riƙe allurar ɗinki tukuna.

Ba sai kin kira suna ba. Ranar da na buɗe ido a asibiti mutum biyu na gani a kaina, ke da Kafinta. Ina gama karanta takardarki na tafi shagonsa. Yana goge katako, fensir a bayan kunne, yaransa na aiki duk suna nan. A gabansu na yi masa. Na ce shekara tara yana kwana yana tashi da ni, yana kallona ina shan ɗaci, har shi yake riƙe mini kofi. Na nuna masa gadon jaririn nan da ya ƙera tun yarinya tana shekara huɗu, wanda yake rataye a saman shagon ya lulluɓe da buhu, na ce ashe wasan kwaikwayo ne. Ya yi ta cewa wace allura, wace shawara. Ya rantse da Allah. Na ce ya riƙe rantsuwarsa, na ƙoshi da mutanen da suke sona.

Na kwashe kayana da yarinya, muna gidan Gwaggo yau kwana shida. Ya zo sau biyu, na ce a ce masa ina barci. Gwaggo tana ta tambaya, ban gaya mata komai ba, kunya ba za ta bar ni ba.

Na rubuto ne don ki san abin da alkawarinki ya haifar. Ke aƙalla kina nesa. Shi fa a gado ɗaya.

Auta

*

Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko gaisuwar kirki ba zan iya ba, ki yi haƙuri. Na biya wani ɗan acaɓa ya bi direban har tasha don takardar nan ta tafi yau.

Ba Kafinta ba ne. Wallahi tallahi ba shi ba ne. Mama ce. Lokacin da likita yake mana magana mijinki yana can wani ɗaki kwance ana ɗibar jininsa don a ƙara miki. Ya dawo yana tangaɗi ya zauna a kanki, shi ya sa kika gan shi. Mama kuwa ta fita ta yi alwala don kada ki ga idonta. Ita ce ta riƙe hannuna a baranda ta ce, “Ke kika san allura, ki yi abin da za ki yi, kada ki bari in binne auta.” Ta sa na yi alkawari ba zan gaya miki ba, ba zan gaya masa ba, don ta ce shi ba ya iya ɓoye miki komai.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Mijinki ya rubuto mini sau biyu a ɓoye. Ya je an gwada shi, don yana tsoron ko daga shi ne, kada ya zama shi ya hana ki. Aka ce lafiyarsa lau, ya roƙe ni kada in gaya miki, don kada ki ɗora wa kanki laifi. Na ba shi amsa na ce ya yi haƙuri, lokaci ne. Na rubuta wannan da hannuna, a kan teburin da nake ɓamɓare takardar kwalba.

Kuma kada ki ɗora wa Mama abin da ba nata ba. Ita shekara biyu ta ce, yadda likita ya faɗa, sannan a sake duba zuciyar. Ta rasu a shekara ta uku. Shekara shida da suka biyo baya laifina ne ni kaɗai. Duk lokacin da ranar ta matso sai in ce wannan ce ta ƙarshe, zan zo in kai ki a duba ki. Sai in tuna in na kai ki dole in faɗi abin da na yi, sai in ga aika kwalba ya fi sauƙi. A wajen aiki kuma na ga mata irinki sun koma ɗakin haihuwa ba su fito ba. Zancen ƙashi na sani. Yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin, wadda nake yagawa in zuba a shara. Na ce wa kaina ke yarinya ce, jikinki zai ɗauka.

Bana na yi niyyar gaya miki, Allah ne shaidata. Ki koma ɗakinki, ki nuna masa takardar nan. An ba ni hutu daga ranar goma ga wata. Ki bar ni in zo in yi jinyarki, ko ba za ki yi mini magana ba.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Hannu yana dawowa a hankali, jiya na iya ɗinke bakin zane guda, a karkace. Likita ta ɗora ni a kan magani, ta ce in riƙa tafiya da ƙafa kullum. Sai bayan shekara za a sake awo a ga abin da ya dawo.

Na koma gida bayan kwana goma sha tara. Na miƙa wa Kafinta takardarki, ya karanta sau biyu, ya ninke ta ya ba ni. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, abin ya wuce. Amma yanzu in zai shigo ɗaki sai ya tsaya ya yi gyaran murya kamar baƙo, kuma yaransa na shago in sun gan ni sai su sunkuyar da kai. Da na buɗe shagona na tarar da sabuwar kujera, doguwa, mai majingina, ƙafafunta a buɗe yadda ba za ta goce ba. Na gane katakon. Ranar da na yi masa tijara ya sauke gadon jaririn ya wargaza shi, da shi ya yi mini kujerar. A kanta nake rubuta miki wannan.

An duba zuciyata. Likitan zuciya ya ce ta warware, kuma ga dukkan alamu ta daɗe da warwarewa, sai dai ba zai iya ce mini tun yaushe ba, tunda ba wanda ya duba. Na tambaye shi zancen ciki. Ya ce allurar takan ɗauki watanni kafin ta saki mutum, wata ma har shekara, ga shekaruna, ga tarihin zuciyar, sai an zauna an auna da kyau. Bai ce a'a ba, bai ce i ba. Wannan zaman da za a yi da ni yanzu, shi ne wanda ya kamata a yi ina da shekara talatin.

Mama na yafe mata, na je na yi mata addu'a. Uwa ce ta tsorata, kuma ta sa iyaka.

Ke kuma ga abin da ya tsaya mini a wuya. Kin ce kin san taurin kaina. Ba ki san ni ba, Yaya. Ina da jaririya kwana bakwai a hannu, kina jin zan zaɓi in mutu in bar ta? Da kin zaunar da ni kin ce Auta, zuciyarki ba ta da lafiya, ki huta shekara biyu, da na yi kuka, da na yi miki rashin kunya, da kuma na miƙa miki hannuna da kaina kin yi allurar. Da na yarda. Da na san sunanta, da na san abin da take yi wa ƙashi, da ni zan riƙa ƙirga ranakun. Abin da za ki samu da tambaya ɗaya shi kika sace shekara tara.

Kada ki zo ranar goma. Ban ce har abada ba, ban kai ga sanin wannan ba tukuna. Yarinya tana tambayar jakarta, in kin so ki aiko mata. Ni kada ki sake aiko mini da abin da zai shiga jikina, ko da man shafawa ne.

Ga kwalbarki nan a cikin ƙyalle, ban fasa ta ba. Ga sabon katinki kuma, wanda ya zo da takalma. Kin ce bana kika yi niyyar gaya mini, har kin sa Allah shaida. Da zan saka shi a ambulan na juya bayansa. Kin riga kin ja layi da rula, kin rubuta ranaku huɗu na baɗi da jan biro.

Tela